ANOVA ta Awo Mai Maimaituwa: Idan Mutanen da Aka Auna Su Ne Aka Sake Aunawa

A ce wani likita yana son ya gano ko magani yana rage hawan jini, sai ya auna mutum 10 kafin su fara sha, ya sake auna su bayan wata guda, sannan ya auna su karo na uku bayan wata uku. Yanzu alƙaluma 30 ne a hannunsa, amma ba daga mutum 30 suka fito ba. ANOVA hanya ce ta ƙididdiga da ake bi a gano ko matsakaitan rukunoni sun bambanta da gaske. Ta yau da kullum, wadda ake fara koya wa ɗalibi, ta ginu ne a kan cewa babu awon da ya dogara da wani, alhali kuwa wanda jininsa ya fi na kowa hawa a ranar farko da wuya ya koma na ƙasa bayan wata guda. Wannan alaƙa ce ANOVA ta awo mai maimaituwa take amfani da ita, ta mai da kowane mutum ma'aunin kansa.

Ku lura da kyau, domin a nan ne gundarin darasin yake. Ƙimar F, wadda aka ba ta wannan harafi don girmama Ronald Fisher, rabawa ce: a sama akwai bambancin da ke tsakanin lokutan awo, a ƙasa kuma akwai warwatsuwar da ba a san dalilinta ba. A hanyar yau da kullum, duk abin da ya bambanta mutum da mutum, kamar shekaru da nauyin jiki da gado, a ƙasan yake taruwa, ya kumbura shi, har ya danne tasirin maganin. Da yake an auna kowa sau uku, ana iya fitar da matsakaicin kowane mutum, a lissafa nisansa da matsakaicin jama'ar duka, a kwashe wannan kaso a ajiye gefe.

Bari mu sa alƙaluman da muka tsara don misali kawai. A ce jimillar bambancin da ke tsakanin lokutan uku 60 ce, ragowar kuma 540. Lokuta uku suna ba da matakan 'yanci 2, wato adadin ƙimomin da ke iya sauyawa bayan an san matsakaicinsu (3 a cire 1), saboda haka 60 a raba biyu ya zama 30. Da mutum 30 ne daban-daban, da sai a raba 540 da matakan 'yancin ragowar, wato 27 (30 a cire 3), a sami 20, F ta zama 1.5, wadda ba ta kai iyakar 3.35 da ake nema kafin a ce bambancin na gaske ne, a matakin yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 ba. To amma a ce 450 daga cikin 540 ɗin nan bambancin mutanen ne kawai. Idan aka cire shi, saura 90; matakan 'yanci ma suna raguwa da 9 (mutum 10 a cire 1), su koma 18. A raba 90 da 18 a sami 5, sai F ta tashi zuwa 6, ta wuce iyakar 3.55. Ba a canza ko awo ɗaya ba, amma hukuncin ya juya.

Wannan riba tana tafe da sharaɗi, kuma a ganina shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa. Ana kiransa sifirisiti. Ma'anarsa ita ce, idan aka ɗauki kowane lokaci biyu aka fitar da tazarar da ke tsakaninsu ga kowane mutum, warwatsuwar waɗannan tazarori ta kasance kusan ɗaya a dukkan haɗe-haɗen. Awon da aka jera bisa lokaci yakan saɓa wa wannan, saboda na jiya da na yau sun fi kama da juna fiye da na yau da na bara. Idan sharaɗin ya karye, gwajin yakan yi gaggawar cewa akwai bambanci ko da babu. Gwajin Mauchly na 1940 shi ake dubawa da farko, sai dai yana da rauni idan mutanen kaɗan ne, shi ya sa manazarta da dama suke yin gyara kai tsaye. Gyaran Greenhouse da Geisser na 1959 yana ninka matakan 'yanci da wata ƙima, efsilon, wadda a misalinmu ba ta gaza 0.5 ba kuma ba ta wuce 1 ba. Idan ta zama 0.75, matakanmu za su koma 1.5 da 13.5, iyakar da F za ta tsallake ta ƙara tsawo. Idan lokutan biyu ne kacal, maganar sharaɗin ba ta ma taso ba.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya gyarawa, wato tasirin jerin gwaji, domin mutum yakan gaji, ko ya saba, ko sauran maganin farko ya ci gaba da aiki a jikinsa. Inda abin kwatantawa magunguna uku ne, ana sassauya jerin yadda kowanne zai zo farko ga wasu. Inda lokaci ne da kansa, ba a iya juya shi, sai a nemi rukunin da bai sha maganin ba a kwatanta. Haka nan idan mutum ɗaya ya rasa awo ɗaya, yawancin manhajoji za su jefar da alƙalumansa gaba ɗaya, mutum 10 su koma 9, matakan 'yancin ragowa su sauka daga 18 zuwa 16.