Daga ina jan yaƙutu yake fitowa?

Hadiza: Masu sauraro, barkanku da warhaka daga nan Maradi. Jiya na tsaya wajen wani mai sayar da zobba a babbar kasuwa, ya nuna mini dutse ja da dutse shuɗi, ya ce duka biyun yaƙutu ne, ni kuwa na ɗauka daɗin bakin ciniki ne kawai. Mushe Sani, da gaskiyarsa?

Sani: Da gaskiyarsa, Hajiya, muddin ba gilashi ya nuna miki ba. Asalinsu dutse ɗaya ne da masana ke kira korandam, haɗin alminiyam da iskar oksijin, kuma idan babu wani gauraye a cikinsa garau yake kamar ruwa. Idan ɗan sinadarin kiromiyam ya shiga, ko da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, sai dutsen ya zama ja, idan kuwa ƙarfe da taitaniyam ne suka haɗu a ciki sai ya fito shuɗi, irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambila ta jihar Taraba.

Rabi'u: Ashe kamar rini ne, Mushe, yadda baba ke kama farin ƙyalle a marina.

Sani: Kwatancen ya kusa, amma kiromiyam ba jan launi ba ne da ake shafawa. Hasken rana yana ɗauke da duk launukan bakan gizo, to idan ya ratsa dutsen sai kiromiyam ya shanye kore da wani ɓangare na rawaya da shunayya, ya bar ja ya iso idonmu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan kiromiyam ɗin dai shi ke ba zumurrudu korensa, saboda ƙwayoyin zarrar da ke kewaye da shi a cikin zumurrudu ba su matse shi kamar yadda na korandam suke yi ba, don haka ja yake shanyewa ya saki kore.

Hadiza: Wato idan hasken ya canza, launin ma zai iya canzawa?

Sani: Ƙwarai kuwa. Akwai dutsen alekzandarait da aka fara samu a duwatsun Ural na Rasha wajen shekarun 1830, wanda da rana kore ne, amma a gaban kyandir ko fitilar aci-balbal sai ya koma ja, domin hasken wuta ya fi yawan ja.

Rabi'u: To, aƙiƙin da ke zoben tsohona fa?

Sani: Jansa daga tsatsar ƙarfe yake, kuma masu sana'ar sukan gasa shi domin launin ya ƙara nuna. Gobe ka aro mana shi, Malam Rabi'u, mu ɗaga shi a hasken hantsi mu gani.