Kurkure baki da man kwakwa ga mai fama da babbar cuta

Assalamu alaikum. Dubi wannan kwalbar man kwakwa da ke hannuna. Da zafi man kwakwa ruwa ne garai-garai, amma da hunturu ya kama sai ya daskare ya yi fari fat, domin da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 yake sandarewa. Wannan man ne ake ta yaɗawa a WhatsApp da Facebook cewa idan mai ciwon daji ya riƙa kurkure baki da shi kullum da safe, zai zuƙe masa dafin da ke jikinsa. Wanda ya taɓa zaman jinyar uwa ko ɗa ya san yadda zuciya ke rawa idan aka ce ga wani abu mai sauƙi da zai taimaka. Don haka nake so mu zauna mu tantance maganar nan a tsanake.

Al'adar daga Indiya ta fito, daga tsohon ilimin maganinsu da ake kira Ayurbeda. Suna da suna biyu: kabala, wato a ɗebi mai kaɗan a riƙa jujjuya shi a baki, da gandusha, wato a cika baki a riƙe shi shiru. Su da man riɗi suka fi yi. Man kwakwa daga baya ya yi tashe. Yadda ake yi yau, mutum ya ɗebi cokali ɗaya kafin karin kumallo, ya yi ta tura shi tsakanin haƙora na minti 10 zuwa 20, sannan ya tofar.

To, mene ne gaskiyar amfaninsa? Kusan rabin man kwakwa wani sinadari ne mai suna lorik asid, wanda a ɗakin gwaji yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. An yi ƙananan bincike, galibi a Indiya, da suka nuna raguwar dattin da ke manne wa haƙori da kumburin dasashi. Sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, kwanakin gwajin ma kaɗan ne, kuma yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ba ta ba da shawarar yin sa ba.

Batun zuƙe dafi kuwa babu shi. Za a ce maka, ai ga shi ka tofar ya fito fari kamar madara, dafin ke nan. A'a. Mai ne ya cakuɗa da yawu, kamar yadda zai yi fari idan ka kaɗa shi da ruwa a kofi. Hanta da ƙoda su ke tace jini, kuma man da ke yawo a baki ba ya kai wa ga ƙarin da ke mama ko hanji. Abin da ke ci mini rai shi ne a ga mara lafiya ya ɗage zuwa asibiti wata biyu, wata uku, yana jiran man kwakwa ya yi aiki, alhali cutar ba ta jira.

Amma me ya sa majinyata ke neman sa? Saboda bakinsu na ciwo, ciwo na gaske. Maganin kemo, wato maganin ciwon daji da ake sha ko ake sa wa ta jijiya, yana kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma fatar cikin baki tana cikinsu. Kamar mako guda bayan an sa maganin, sai baki ya yi ja, ƙuraje su fashe, kunu ma ya gagara haɗiya. Wanda aka yi wa gashin ciwon daji da na'urar asibiti a kai ko wuya, yawunsa kan ƙafe, harshe ya riƙa mannewa a ganɗa, ya tashi tsakar dare yana laluben kofin ruwa. A irin wannan hali ɗan mai yana iya sanyaya baki ya rage bushewa na ɗan lokaci. Iyakarsa ke nan, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne ga wanda ya kwana uku bai ci ba.

Yanzu ga inda nake roƙon masu jinya su buɗe kunne. Idan mai ya kuskure ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, jiki ba ya iya fitar da shi da sauƙi. Yana taruwa ya haddasa wani nau'in ciwon huhu, kuma likitoci sun rubuta rahoton mutanen da suka kamu da shi ta wannan kurkurar. Saboda haka wanda ke ƙwarewa idan ya sha ruwa, da mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda ke kwance ba ya iya zama, da wanda magani ke sa shi gyangyaɗi, da ƙaramin yaro, kada a ba su ko kaɗan. Mai tashin zuciya ma a ƙyale shi; minti 20 da mai a baki amai zai jawo masa.

Wanda likitansa ya amince, ya zauna a miƙe, ya ɗebi ƙaramin cokali, minti 5 ya isa, ban da ɗaga kai a kurkure maƙogwaro. Ya tofar a leda ko takarda, don man yana daskarewa ya toshe bututu. Kuma kada ya maye gurbin buroshi.

Abin da asibitocin ciwon daji suka fi ba da shawara ya fi wannan araha. Buroshi mai laushi sosai da man goge baki mai fuloraid. Sai ruwan kurkura: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sau da yawa a yini. Bekin soda na ce, ba bekin hoda ba, ba kuma kanwa ba. A guji ruwan wanke baki mai barasa a ciki, yana ƙona miki. Mai asuwaki ya tauna bakin asuwakin ya yi laushi sosai, ya bi a hankali. Idan an ce ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙasa, dasashi na iya zubar da jini da ɗan gurzawa, sai a tambayi likita tukuna.

Idan kun leƙa bakin mara lafiya kuka ga fari-fari a harshe da kumatu kamar guntun kindirmo, wannan wata ƙwayar cuta ce mai tsiro a baki, naman gwari, yana da maganinsa a asibiti, mai ba zai kore shi ba. Kuma mai shan kemo, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani, lokacin da garkuwar jikinsa ta fi yin ƙasa, idan kuka auna zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko da tsakar dare ne, kada ku jira gari ya waye. Ku ɗauki katinsa na asibiti ku nemi abin hawa.