Me Ya Sa Ɗan Kan Jirginka Yake Cijewa a Mararraba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi wannan ɗan kan jirgin ƙasa na wasa da ke kan teburina. Ƙafafunsa huɗu, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Maƙwabcina ne ya tsinto shi cikin kayan gwanjo a Katako, nan Jos, ya kawo mini wai injinsa ya mutu. Bari in ɗora shi a layi ku gani. Ya tashi, ya ɗan taɓa tafiya, ya cije. Na zungure shi da yatsa, ga shi ya ci gaba. To injin da ya mutu ai zunguri ba ya tashe shi. Wuta ce ba ta kai masa.

Jirgin nan ba shi da batir. Wutar da yake ci, wadda ba ta wuce volt 12 ba, ta ƙarafan layin nan biyu take bi, ta hau ƙafafu, ta bi wasu siraran ƙarafa masu launin tagulla da ke gogar bayan ƙafafun, sannan ta isa inji. Wannan samfurin HO ne, an rage jirgin gaske sau 87, tazarar layinsa milimita 16.5. Inda ƙafa ke taɓa layi bai fi bakin allura ba. Babban kan jirgi mai ƙafa takwas, in ɗaya ta hau datti sauran za su ɗauko masa wuta. Wannan kuwa biyu gare shi a kowane ɓangare, kuma in layi bai kwanta daidai ba sai ɗaya ta ɗage, kamar teburin da ƙafarsa guda ta gaza. Ƙwayar ƙura ɗaya ta ishe shi.

Ƙura kuwa, wanda ya yi hunturu a Jos ba sai an ba shi labari ba. Ka goge layi da safe, kafin la'asar ya yi fari.

Saboda haka daga layi za mu fara. Ga farin ƙyalle, ga sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon cikin waya da shi. Ku ga baƙin da ya fito. Don Allah kada ku sa sanfefa. Tana karce ƙarfen, datti ya samu wurin zama. Ƙafafun kuma, ku kifa jirgin a kan soso, ku taɓa musu batir mai volt 9 su juya, ku riƙa dangwala auduga mai sifirit. Wani baƙin ya daskare har kamar taya aka sa wa ƙafar, sai an bi shi da tsinken sakace. Siraran ƙarafan nan, ku zare zaren da ya naɗe su. In ɗaya ya saki, ku ɗan lanƙwasa shi a hankali ya koma yana taɓa ƙafar.

Sai maganar mai, inda aka fi ɓarna. Mutum na jin ƙara sai ya kwarara man keken ɗinki, wani har baƙin mai ko man feshin nan WD-40. Man ya malalo ƙafafu, ya haɗu da ƙurar hunturu, ya zama kwaɓa mai tare wuta. Wani man ma yana cin roba. Ɗigo ɗaya a kan allura, na man da aka yi don irin waɗannan jirage, a haƙoran giya da wurin da sandar ƙafa ke juyawa. Idan idonka yana ganin man, ya yi yawa.

Yanzu ya daina cijewa a miƙaƙƙen layi, amma ku kalli mararraba. Nan inda ƙarafa biyu suka gitta, wurin da Turawa ke kira kwaɗo, roba ce, babu wuta. Kamfanin Peco na Ingila yana yin mararraba mai kwaɗon roba, Insulfrog, yana yin mai kwaɗon ƙarfe, Electrofrog. Ni dai ga ƙaramin kan jirgi mai ƙarfen nake zaɓa, duk da wahalar haɗa waya. In kuma ƙafa na hawa kan kwaɗon tana tsalle, ku auna tazarar bayan ƙafafun biyu: wajen milimita 14.5 ake so.

Ƙananan jirage dai ba baƙi ba ne a garin nan. Jirgin da ya riƙa kwasar kuza daga Bukuru da Jos zuwa Zariya tun 1914 har aka rufe layin a 1957, faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne kawai.

Kafin ku jona na'urar ba da wuta, ku karanta jikinta. In ta Amurka ce mai volt 120, wutarmu 230 ce, tana shiga za ku ji ƙauri.

To, ga namu ya dawo layi. Zan bar shi ya zagaya rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu ba tare da tarago ba, giyar ta sake jiki. Ga mararrabar nan ya doso. Na rage wutar ƙasa sosai, ku zuba ido a ƙafar gaba. Ya haye.