Wine: kada ku cusa duk manhajojin Windows a folda ɗaya

Jama'a, ƙorafin da ke ta yawo kwanan nan shi ne: an girka manhajar Windows a Linux ta hanyar Wine, ta yi aiki lafiya lau, aka ƙara wata, sai duka biyun suka ƙi buɗewa. Nan take a ɗora wa Wine laifi. Yawanci matsalar tana wani wuri daban, kuma yanzu za ku gan shi.

A taƙaice dai, Wine, wanda aka fara a 1993, babu Windows a cikinsa. Idan manhaja ta nemi a buɗe mata taga ko a karanta fayil, Wine ke karɓar buƙatar ya miƙa wa Linux yadda zai fahimta.

To, ranar farko da kuka kunna shi, Wine ya ƙirƙiri wani ɓoyayyen folda mai suna .wine. A cikinsa akwai drive_c, wanda ke tsayawa a madadin faifan C: na Windows, da Program Files a ciki, sai system.reg da user.reg, wato rajistar da ake ajiye saituna. Wannan folda shi ake kira prefix, kuma duk abin da kuka girka nan yake zuwa. Kamar ɗaki ɗaya ne da aka cusa wa 'yan haya biyar: wannan ya canza makulli, sauran sun kwana a waje. Manhaja ta farko tana son a zaɓi Windows 7 a winecfg, wato tagar saitunan Wine, ta biyu tana son Windows 10. Wannan ta kawo nata fayil na DLL, wato fayil ɗin taimako da manhajoji ke dogara da shi, ta danne na waccan. Daga nan rikici ya fara.

Maganin, kowace manhaja da nata prefix. Ku rubuta:

WINEPREFIX=$HOME/wine-ofis winecfg

Lallai a ba shi cikakken adireshin folda, guntu ba ya karɓa. Zai iya tambayar ku girka Mono da Gecko, wasu ƙarin kayan aiki da wasu manhajoji ke buƙata, ku amince. Kuma ga inda mutane ke zamewa: duk umarnin da zai biyo baya, har da winetricks, mai girka wa manhajoji ƙarin fayilolin Windows da suke nema, sai an sa wannan WINEPREFIX a gabansa. Kun manta sau ɗaya, kayan sun koma .wine, ku kuma kuna ta mamakin me ya sa manhajar har yanzu take cewa wani fayil, misali MSVCP140.dll, ya ɓace. Gyaransa shi ne winetricks vcrun2019, amma a prefix ɗin da ya dace.

Tsohuwar manhaja mai 32-bit kuwa, saitin WINEARCH=win32 da ke yin prefix mai 32-bit yana aiki ne kawai lokacin da ake ƙirƙirar prefix. Wanda aka riga aka yi da 64-bit ba ya juyawa, sai dai sabo.

Abu biyu da nake roƙonku. Kada ku kunna Wine da sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan Linux. Kada kuma ku ɗauka prefix katanga ce: faifan Z: da Wine ke ƙirƙira a cikinsa yana kallon dukkan fayilolinku na Linux, don haka muguwar manhaja za ta iya isa gare su.

Idan rubuta umarni ya gundure ku, manhajar Bottles na yin wannan rabe-raben da dannawa kawai, kuma ni ita nake ba masu farawa shawara. Proton na kamfanin Valve, wanda aka gina a kan Wine kuma ya fito a 2018, yana ba kowane wasan Steam nasa prefix da kansa.

Masu rubuta manhaja, MinGW-w64 zai haɗa muku fayil na .exe daga cikin Linux, ku gwada shi a sabon prefix mai tsabta don ku ga abin da yake nema a zahiri. ReactOS kuma tsarin aiki ne sukutum mai kwaikwayon Windows, amma har yanzu yana matakin gwaji. Manhajar da ke buƙatar direban can cikin zuciyar Windows, kamar wasu tsare-tsaren hana maguɗi a wasanni, babu prefix ɗin da zai tashe ta a Wine.