Shayin Pu'er na Manyan Ganye: Yadda Ake Samunsa da Yadda Ake Haɗa Shi

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan ganyen da kuke gani a tafin hannuna, mai faɗi, mai ɗan rawaya-rawaya, shi ne wanda masu sarrafa shayi a lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin suke tsincewa su ware gefe. Sunansa huang pian, wato ganye mai launin rawaya, kuma daga cikin ganyen shayin Pu'er ake ware shi.

Pu'er, wato shayin nan na Yunnan, iri biyu ne. Akwai wanda ake tara ganyensa a jiƙa shi a rufe har ya ruɓa cikin 'yan makonni, hanyar da aka soma a Kunming, babban birnin Yunnan, a shekarar 1973. Akwai kuma ɗanye, wanda ake barin shekaru su yi masa aiki a hankali. Namu ɗanye ne. Idan an tsinko ganye, a baza shi ya ɗan yanƙwane, a gasa shi a babban kasko, a murza da hannu, sannan a shanya a rana. Sabon toho mai laushi yakan nannaɗe ya zama siriri. Ganyen da ya ƙosa kuwa, na uku ko na huɗu a reshe, ba ya yarda da murza. Sai ya tsaya a buɗe, launinsa ya koma rawaya. Daga nan a zauna a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, domin yana ɓata kyan curin matsattsen shayin da za a kai kasuwa, curin nan zagayayye mai nauyin giram 357 da ake ɗaure bakwai-bakwai a ɓawon gora.

To ina ake kai shi? Manoman ne suke shan abinsu a gida. Kuma a ganina ba su yi wauta ba. Ɗaci da baurin ɗanyen Pu'er sun fi yawa a sabon toho, shi ya sa wanda bai saba ba yakan kurɓa ya yamutsa fuska. Ƙosasshen ganye ba shi da wannan zafin kai. Ɗanɗanonsa a tausashe yake, da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe. Ga shi da araha, alhali bishiya ɗaya ce ta haife su da mai tsadar. A wurare irin su Yiwu da dutsen Jingmai, wanda UNESCO ta sa dazuzzukan shayinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, akwai bishiyoyin da suka haura shekara ɗari.

Yanzu sai haɗawa. Ku sami ƙaramar buta ko kofi mai murfi da ke cin ruwa mililita 100 zuwa 120. Ganye giram 6 ya isa. Idan a matse yake, ku ɓamɓaro shi ta gefe da bakin wuƙa, kada ku murƙushe, don garin ganye shi ke kawo ɗaci. Ruwa kuwa ya tafasa sosai. Kada ku ji tsoro, ganyen yana da kauri, ruwa mai ɗumi-ɗumi ba zai fito da komai daga cikinsa ba.

Zubin farko na ɗauraya ne: daƙiƙa 5 zuwa 10, ku tsiyaye ku zubar. Na biyu ku ba shi kamar daƙiƙa 20, ku juye duka a kofi, kada ku bar ruwa kwance a kan ganyen. Kowane zubi sai ku ɗan ƙara masa lokaci. Ruwan zai fito rawaya garau, kuma zubi na uku da na huɗu ne suka fi daɗi. Idan kun ji ya yi salam, lokaci za ku ƙara, ba ganye ba.

Idan ƙarfinsa ya fara ƙarewa, kada ku zubar da ganyen tukuna. Ku juye shi a butar dahuwa, ku zuba ruwa rabin lita, ku bar shi a wuta kaɗan-kaɗan na minti 3 zuwa 5. Masu dafa shayi a kan gawayi a majalisa sun san wannan aikin, sai dai a nan ba a sa sukari, ba a kuma neman kumfa.

Sauran busasshen ganyen ku bar shi cikin takardarsa, a wuri mai inuwa marar damshi. Kada ya shiga firiji, kada kuma ya kusanci turare, yaji ko daddawa, domin yana ɗaukar wari nan da nan, kuma idan ya ɗauka ba ya saki.