Wata uku na Python wai a samo masa aiki a Riyad

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar nan, ina cikin jirgin metro ne daga unguwar Olaya a nan Riyad zan koma gida, riyal 4 kacal ka yi ta yawo har awa biyu. Yau raina a ɓace yake wallahi. Ƙanena ne ya turo min saƙon murya daga Kano, wai yaya na gama kos ɗin Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na wata uku har naira dubu 150 na biya, ka samo min aiki a Saudiyya. Wata uku fa! Shi ban ga laifinsa ba, haushin masu sayar musu da kos ɗin nake ji, su cika yaro da daɗin baki wai da ka iya Python shikenan ka haye.

Python tana da kasuwa kam, masu aikin data da AI ita suke amfani da ita, kuma tunda aka kafa SDAIA, hukumar data da AI ta Saudiyya, a 2019 kowa maganar data yake yi a ƙasar nan. Amma buɗe LinkedIn ka leƙa tallan aiki na Riyad ko Jidda ka gani da idonka, bankuna da kamfanonin sadarwa wani yaren ne, Java, za ka yi ta cin karo da ita, ofisoshi da yawa kuma C# ne da .NET na Microsoft. Java tun 1995 take, yara na mata kallon tsohuwa, to da tsohuwar zuma ake magani, ni dai ita ke biya min haya kuma ita ta kai Hajiyata Umara. Sai SQL, da ita ake zaƙulo bayanai daga rumbun data, ba mai yi mata talla amma ranar intabiyu da ita za a ƙure ka. Gaban shafin intanet, wato abin da mutane ke gani, JavaScript ne da kayan aikinta React ko Angular, manhajar waya kuma 'yan Masar da 'yan Sudan ɗin ofishinmu sun riƙe Flutter gam, su yi sau ɗaya ta hau Android da iPhone.

Abin da ba a faɗa muku a can shine Larabci, duk shafin da ka gina sai ya iya juyawa dama zuwa hagu, ga lissafin kwanan Hijira. Nan ne karatun allo ya yi min rana, 'yan Indiyan da muke aiki tare wurina suke zuwa in karanta musu. Akwai ma wani ɗan ƙasa haifaffen Makka, kakanninsa daga Katsina, da shi kaɗai nake yin Hausa a ofis, ran nan ya zo min da dambu har na kusa hawaye, kabsa, shinkafar nan tasu, ta ishe ni.

Ni dai ina gaya muku, duk ejan ɗin da ya ce kawo kuɗi ya samo maka aikin kwamfuta a nan ka guje shi, kamfanin gaske sai ya ga aikinka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya gwada ka kafin ya yi maka iƙama, wato takardar izinin zama. Kuma kar ka shigo da bizar Umara ka ce za ka maƙale neman aiki, kama ka za su yi su mayar da kai.