Fyaɗe a cikin labari: yadda alƙalami ke ɗora wa yarinya laifi

Assalamu alaikum. Bidiyon yau na marubuta ne, masu sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da masu rubuta labarin fim. Za mu duba yadda ake rubuta labarin 'yar sakandare da aka yi wa fyaɗe. Da wuya a samu marubucin da zai fito fili ya ce laifin yarinyar ne. Tsarin labarin ne ke faɗa a madadinsa, sau da yawa shi ma bai lura ba.

Ga yadda ake yi. Babi uku na farko sun ƙare a kan rawar kan yarinya: mayafi a kafaɗa, waya a ɓoye ƙarƙashin filo, Mama ta hana ta fita ta yi ƙaryar zuwa gidan ƙawa. A babi na huɗu abin ya faru. Kafin nan mai karatu ya gama lissafinsa: ta ƙi jin bari, ta ga hoho. Shi kuwa wanda ya yi aika-aikar layi biyu aka ba shi, wani sa'in ko suna ba a raɗa masa ba.

Mai karatu dama a shirye yake ya yi wannan lissafin. Tun 1966 masanin halayyar ɗan Adam Melvin Lerner ya nuna cewa idan mutane suka ga wani yana shan wahala kuma ba su da ikon taimaka masa, sai su fara ganin baƙinsa, don zuciya ta samu natsuwa cewa irin wannan ba ya samun mai kiyayewa. Idan kun jera masa kurakuran yarinya, kun miƙa masa abin da yake nema.

Gyaran shi ne ku koma kan mai laifin, ku nuna shirinsa. Shi ya san lokacin da gidan ke zama ba kowa. Shi ya aiki ƙanenta sayo kati a shago mai nisa, shi ya murza makulli. Kuma kada ya zama wani ɗan daba da ya faɗo daga sama, domin galibi wanda yarinyar ta sani ne: maƙwabci, malami, ɗan uwa, saurayi, mai sayen kayan tallarta kullum.

Ku duba jimlolinku ma. "Tsautsayi ya afka wa Hafsat." "Hafsat ta rasa mutuncinta." Ina mai laifin a nan? Babu shi. Ku rubuta, "Kabiru ya yi wa Hafsat fyaɗe." A wani bincike na 2016, Laura Niemi da Liane Young sun gano cewa idan jimlolin labari suka fi ambaton mai laifi a matsayin mai aikatawa, zargin da masu karatu ke yi wa wadda aka zalunta yana raguwa.

Sai batun yarda, inda aka fi yin kuskure. Marubuci yana jin dole jarumarsa ta yi ihu, ta yi cizo da yaƙushi, in ba haka ba masu karatu za su ce da saninta. To jiki ba kullum yake yin haka ba. A Stockholm ta ƙasar Sweden, cikin mata 298 da suka je asibiti bayan fyaɗe, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna kashi 70 cikin ɗari jikinsu sandarewa ya yi lokacin da abin ke faruwa, murya ta ɗauke, hannu ya ƙi motsi. Ba zaɓi ba ne, firgici ne. Don haka shiru ba yarda ba ce. Karɓar kyautar waya ba yarda ba ce, shiga mota ma haka. Sashe na 282 na Penal Code, kundin dokokin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa, ya ce yardar da aka samu ta hanyar tsoratarwa da kisa ko rauni ba a bakin komai take ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma ba ta karɓar uzurin "ai ta amince". Jihohi sun bambanta wajen aiki da ita, saboda haka in akwai kotu a labarinku, ku nemi dokar jihar da kuka kafa shi.

Ba kwa buƙatar kwatanta abin da ya faru a ɗakin. Yarinya ce. Ku rufe babin a bakin ƙofa, ku buɗe na gaba da safiyar da ta kasa haɗiye shayi.

Matsin ƙawaye kashi biyu ne, amma yawancin littattafai na farkon kawai suka sani: muguwar ƙawa mai cewa "ke kin cika ƙauyanci, kowa fa na zuwa fatin nan". Wannan gaskiya ne, sai dai ku kiyaye kada laifin ya tashi daga kan namijin ya koma kan ƙawar. Kuma samari ma suna matsa wa juna: abokin da ya ba da aron ɗaki, wanda ya tsaya gadi, wanda ya tura hoto a guruf ana dariya. Kashi na biyu shi ne na bayan faruwar abin, kuma a ganinmu nan ne labarin yake. Bencin da ta saba zama ya cike ba gaira ba dalili. Aminiyarta ta daina biyo mata Islamiyya saboda an ja mata kunne a gida. Goggo ta zo ta ce a rufa asiri, wa zai aure ta in magana ta fita? Ku bar su su faɗi "me ya kai ki?", don haka ake faɗa. Amma a samu mutum ɗaya a labarin, ko kaka ko malama, da zai ce mata "ba laifinki ba ne", labarin kuma ya gaskata shi.

Akwai wani fage da kusan kowa ke rubutawa: uwa tana kuka ta dafa ruwan zafi ta gasa 'yarta, ta wanke kayan ko ta ƙona. Masu karatu suna koyo daga nan, alhali wanka da wanki suna goge shaidar da likita zai ɗauka. Abin da ya dace shi ne asibiti tukuna, kayan a naɗe su a takarda, ba a leda ba, don danshi yana lalata shaida. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, amma gara da wuri. In uwar labarinku ta riga ta yi wankan, a tafi duk da haka, magani bai ɓaci ba. Wuraren zuwa na gaske suna nan, cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: cibiyar Waraka a Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato.

Saura ƙarshen da aka fi so a guruf-guruf: ya yi mata fyaɗe a shafi na 10, ya yi nadama a na 40, an ɗaura aure a na 60, ta mutu a kan sonsa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai 18 a Najeriya. Wato a guruf mai mutum ɗari biyu, akwai da dama da ke karanta wannan auren alhali nasu Kabirun yana nan a unguwa. In kuna son ya tuba, ya tuba a gaban alƙali. Ita kuma ku bar ta ta zana jarrabawarta.